Na Je Ɗauko Auta Daga Bakin Teku

Litinin, bayan La'asar. Unguwar Jarwal, Makka, ƙarshen Zulhajji 1384

Alhazai sun fara watsewa, gida ya fara komawa namu. Jikata Rakiya ta share ɗakin 'yan Ankara ta ƙasar Gana, ta tsinci takalmi ƙafa ɗaya. Na ce ta adana, wataƙila mijin da Allah zai ba ta mai ƙafa ɗaya ne. Ta murguɗa baki ta ce da Larabci, halas ya Sitti, wato ya isa haka, Kaka. Yarinyar nan Hausarta ba ta kai ta sayi gishiri ba.

Cikin baƙin namu na bana akwai Alhaji Issoufou, Bazabarme mai safarar kifi banda a ƙasar Gana. Tun da ya sauka yake kallona yana kau da kai. Sai jiya da ya dawo daga ɗawafin ban kwana ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi magana. Ya san Tijjani, autana, wanda ya bi fataken goro tun yana saurayi ya ƙare a kamun kifi. Ya san garin, ya san matarsa. Ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan rubuta ba.

Abin da zan iya rubutawa shi ne Auta yana da rai, amma tun azumi bai ce wa kowa uffan ba, bai kuma sauka bakin ruwa ba.

Zan je in ɗauko shi.

Laraba, hantsi

Hashimu, yayansa, ya ce tsohuwa kamata ba ta hawa jirgin sama. Na ce na zo garin nan daga Kano da ƙafata ina goye da shi, yana yi min fitsari a baya tun daga Fort Lamy har Suwakin, yanzu shi zai koya min tafiya? Ya tafi neman izinin fita da dawowa. Ya ce zai gyara wa ƙanen nasa ɗakin sama, ya ba shi gefen kanti.

Alhamis, bayan Azahar

Na haɗa kaya. Zamzam a gwangwani, dabino, turare. Akwai 'yar jallabiyar nan fara da na saya tun kafin Arafa don in aika wa angona, ɗan Auta na fari da ban taɓa gani ba. Na cire ta. Na mayar. Na cire.

Tana ciki.

Lahadi, da yamma. Kofe

Sunan garin ya fi ƙarfin bakina, ƙarshensa kawai na kama, don haka Kofe zan riƙa cewa. Jirgi ya sauke mu Ankara, motar Alhaji Issoufou ta kawo ni, duk jikina warin banda.

Na zaci na san teku. Ai na sha zuwa Jidda. Ashe ta Jidda a kwance take kamar ruwan alwala a buta. Wannan tun ba a gan ta ba ake jin ta, kamar an tara mutanen Mina duka suna numfashi tare. Da muka ɓullo ta cikin itatuwan kwakwa na gan ta, sai na tsaya cak. Ba ta da ɗaya gefen. Tana tasowa kamar bango, ta yi fari, ta faɗi, ta ja da baya, ta sake. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda zai ce mata ya isa. Na yi ta subhanallahi har Alhaji ya taɓa ni ya ce ga gidan can.

Yana zaune a gindin kwakwa a ƙofar gida, ya ba ruwan baya. Gemunsa ya fi nawa gashin fari. Na ce Auta. Ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa. Shi ke nan.

Litinin, bayan Asuba

Yau na yi abin kunya. Na tashi salla na rasa inda zan fuskanta. A Jarwal wa ke tambayar alƙibla? Ka leƙa taga ka ga hasumiya. Sai da Khadijatu, matar Auta, ta zo ta kama kafaɗuna ta juya ni kamar tukunya, ta ce in sa teku a hannun dama. Surukata 'yar ƙabilar Ewe da ta musulunta jiya jiya, ita ke nuna wa 'yar Makka gabas. Na ce kada ta kuskura ta faɗa wa kowa. Ta rufe baki da gyale.

Talata, hantsi

Garin ɗan mitsitsi ne, tsakanin teku da wani tafki. Ewe ne masu ƙasa. Akwai Fanti da suka zo da kwalekwalensu, akwai Zabarmawa masu awo, da Yarbawa biyu masu kanti, da namu Hausawa gida huɗu ko biyar. Masallaci na kaba, coci na kwano, da wata bukka da aka ɗaure wa farin ƙyalle wadda ban tambaya ba. Ba hayaniya. Mu da muka saba da kowace ƙabila ta duniya a ƙofar Harami, ana ture juna ana zagi da harshe goma, ban taɓa ganin an gauraya haka an yi shiru ba.

Yau ba a shiga ruwa. Wai ranar Talata teku take hutawa, kuma kowa ya yarda, har limamin. Na tambaye shi a wane littafi ya gani. Ya ce, Hajiya, wanda ya ga tekun nan ba ya neman littafi kafin ya ba ta kwana ɗaya.

Akwai 'yar Auta, Zinariya, ba ta wuce shekara shida ba. Tana leƙena ta bayan turmi. Na gaya mata a Makka tsofaffi da yara marasa gaisuwa suke karin kumallo. Uwar ta fassara. Ta gudu, ta dawo da tafarnuwa ta ajiye a gabana, wai in ci wannan.

Laraba, bayan La'asar

Ba a kiran sunansa. Na lura yau. A nan da sunan ɗan fari ake kiran mutum, to maƙwabta in sun zo gaishe da Auta sai su fara, baban, su tsaya, su ƙare da tari. Khadijatu ma haka. Sai ta ce mai gidan.

Na ba shi zamzam ya sha. Ya sha. Na ba shi labarin Jarwal, gidajen da aka rushe don faɗaɗa Harami, mai gasa burodin tamis ɗin nan na kusurwa da ya yi aure na huɗu ba haƙori. Yana ji. Idonsa yana kan hannunsa.

Alhamis, da yamma

Na ga yadda suke jan taru. Da sassafe kwalekwale ke fita ya zagaya da ragar can nesa, ya dawo da bakin igiya biyu. Sai gari ya fito. Maza, mata, mai coci, mai masallaci, mai farin ƙyalle, kowa ya kama. Wani tsoho yana buga ƙarfe, suna waƙa, suna ja da baya taku ɗaya ɗaya, wanda ya kai ƙarshe ya saki ya koma gaba. Tun hantsi har rana ta karkata. In ruwan ya ja, sai su ba shi kaɗan, in ya kawo su karɓa. Ba sa faɗa da shi. Lallashinsa suke.

Da ragar ta fito kifi yana tsalle kamar an zubar da kuɗin azurfa a rana. Na tsaya baki buɗe har ƙuda ya kusa shiga.

Kuma duk wanda ya taɓa igiyar nan yana da rabo, ko baƙo ne mai wucewa. Ba a tambayarsa daga ina.

Juma'a

Jallabiyar tana cikin akwati. Ban buɗe ba.

Asabar, bayan Azahar

Na yi ƙawa. Sunanta Mami Esi, Bafanta, mai gasa kifi a bayan gidanmu, ta kai ni tsufa ta fi ni faɗi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma tun safe muke hira. Ta nuna haƙorin Makka da ke bakina, ta nuna nata gurbin, wai in ba ta aro ran Lahadi za ta coci. Na nuna mata tukunyar dokununta, tuwon masarar nan nasu, wai musaya.

Mata sun taru suna son labarin Makka, Khadijatu tana fassara. Na ce musu tattabarun Harami ba sa kashi sai sun fita gari. Na ce a jirgin sama an buɗe min taga na sayi gyaɗa a Khartum ba tare da an sauka ba. Mami Esi ta ce a gaya min ita ma kakarta ta taɓa haihuwa a cikin kifi. Muka tafa.

Ina cikin dariya na waiwaya. Yana gindin kwakwa. Ban san ko ya ji ba.

Litinin, hantsi

Mun yi maganar da na zo yi. Khadijatu tana fere rogo, ba ta ɗago ba. Na ce yayansa ya gyara masa ɗaki, ga Harami kusa, ga malamai, ga nesa da wannan ƙarar da ba ta barin mutum ya manta. Na shirya za ta yi kuka ko ta kira danginta. Sai ta ce:

"Mma, motar Alhaji za ta dawo ɗaukar banda ƙarshen wata. In ta zo bai sauka bakin ruwa ba, ki tafi da shi. Gara in ji yana can yana magana."

Na ce ita da yarinyar fa? Ta ce uwarta tana nan, kifi yana nan. Ta ci gaba da fere rogon da ta riga ta fere.

Na samu abin da na zo nema. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Laraba, bayan Asuba

Na ɗaga hannu zan yi addu'a na rasa me zan roƙa. In ya warke, na rasa shi. In na same shi, bai warke ba. Na ce ya Rabbi Kai ka san abin da nake nufi, ni ban sani ba.

Laraba, da yamma

Na ba Khadijatu jallabiyar. Ta warware ta, ta auna da idonta, ta ce ai da ta yi masa kaɗan, ya yi tsawo bana, har ya fara bin uban cikin kwalekwale. Ta tsaya nan. Ta ninke ta shiga ɗaki. Ta daɗe.

Alhamis

Ruwa, ruwa, ruwa. Ko barci nake tekun tana magana.

Asabar, bayan La'asar

Kullum yanzu sai na je na zauna a kan wani kwalekwale da aka kife. Na rasa yadda zan yi da tekun nan. Ya kamata in tsane ta. Na zo da niyyar in tsane ta. Amma da safe takan yi launin tagulla, da rana ta yi shuɗi har ido ya yi zafi, da yamma ta haɗiye rana ɗungum ba ta ko yi tururi ba. Na ga Arafa cike da mutane har ba a ganin ƙasa, na ce ba abin da ya fi wannan nuna ƙanƙantar ɗan Adam. Ashe akwai inda za a nuna maka ba tare da an tara kowa ba.

Mami Esi ta zo ta zauna kusa da ni. Ta nuna ruwan, ta nuna ƙirjinta, ta ɗaga yatsu biyu. Sannan ta ɓare min gyaɗa.

Litinin, hantsi

An aiko cewa mota jibi. Na wanke masa riguna. Khadijatu ta ƙulla masa yaji da busasshen kifi, wai ba zai iya cin wakenmu na ful ba. Zinariya ta daina kawo min tafarnuwa. Ta daina zuwa kusa da ni ma.

Talata

Teku tana hutu. Mu ba mu huta ba.

Laraba, bayan Magariba

Hannun dama ya kumbura, da ƙyar nake riƙe alƙalami, amma sai na rubuta wannan.

Mota ba ta zo da safe ba, aka ce sai gobe. Na ga ana jan taru, na ce ni kam ba zan bar garin nan ban ci kifin gumina ba, in je in gaya wa Rakiya kakarta masunciya ce. Mami Esi ta matsa min wuri a gabanta. Na kama. Igiyar tana da kauri, jiƙe, tana rawa a hannu kamar mai rai. Muka ja da baya, muka ja, na kai ƙarshe na koma gaba kamar kowa, har ruwa yana lasar ƙafata. Sai na ji tana zame min.

To mu a Makka, in cunkoso ya yi tsanani wurin ɗawafi, tsohuwa takan ƙulla bakin mayafinta a jikin na gabanta ta naɗe a wuyan hannu, kada a raba su. Hannuna ne ya yi, ban ko yi shawara da shi ba. Na ƙulla mayafi a igiya, na naɗe, na ji daɗina. Ashe a nan ko yaron goye ya san ba a ɗaura kai da igiyar taru. Ba wanda ya gani, kowa idonsa na kan ruwa.

Sai wani babban ruwa ya taso ya koma. Kowa ya sassauta ya ba shi rabonsa yadda suka saba. Ni kuwa ba ni da abin sassautawa. Na ji an fizge ni, na faɗi rub da ciki, yashi a baki, ruwa a hanci, ana jana kamar buhun gawayi. Na ga kumfa, na ga kore, na ga duhu. Na fara shahada ban san ko na ƙarasa ba.

Ta cikin wannan ƙara duka na ji shi.

"Yumma! Saki igiyar, Yumma!"

Tun yana yaro a Jarwal ban ƙara jin wannan kiran ba. Daga gindin kwakwa zuwa bakin ruwa akwai tafiya, ban san yadda ya yi ta ba. Na dai ji hannu ya tallafo ni, ruwa har ƙirjinsa, ya sa haƙori ya yage mayafin. Ya ɗauko ni ya dire a kan yashi. Sannan ya hau ni da faɗa. Da Hausa, da Larabci, da harshen matarsa. Wa ya ce in taɓa, wa ya ce in ɗaura, ina hankalina, so nake a ce me. Gari duka ya juyo ana jinsa. Ni ina tari ina amai da ruwan gishiri, kaina ba ɗankwali, ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Da ya gaji ya tsaya yana haki. Igiya tana nan, ruwa yana ja, wurina a buɗe. Tsohon mai ƙarfe ya dube shi. Ya dubi wurin, ya ci gaba da bugawa. Auta ya dubi ruwan, ya daɗe yana dubansa. Ya goge bakinsa. Ya je ya kama.

An kawo min rabona, kifi uku da kaguwa. Mami Esi ta ce a gaya min na fi kowa ja, don ni kaɗai na ja da ciki.

Alhamis, hantsi

Khadijatu tana shafa min man kaɗanya ta tambaye ni a hankali ko da gangan na yi. Na ce ni tsohuwar Makka me na sani game da igiya. Gaskiya na faɗa mata. Abin da ban faɗa ba, da na san abin da zai biyo baya, ban san ko hannun nan zai ƙulla ba. Allah Ya sani, shi ya sa bai tambaye ni ba.

Alhamis, bayan Azahar

Mota ta zo, ana loda banda.

Ya same ni a kan kwalekwalen da aka kife, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Muryarsa duk ta dushe. Ya tambayi Hashimu, ya tambayi mai tamis, ashe yana ji. Ya ce in yafe masa wahalar hanya. Na ce kayansa a ɗaure suke, in yana so. Ya kalli ruwan, yau fuskarsa gare shi.

"Yumma, Mahmudu yana nan. Ba zan bar shi shi kaɗai ba."

Sau ɗaya ya faɗi sunan ɗan nasa da teku ta ɗauke. Ni ma ga shi na rubuta.

Na ce to. Na ce ya aske gemun nan, ya fi ni tsufa, mutane za su zaci ni ce 'yar. Ya yi wani abu da bakinsa, bai kai dariya ba, amma hanyarta ce.

Khadijatu ta kwance ƙullin yajin ta mayar kicin, ta ba ni kifin. Zinariya ta yarda na ɗauke ta, da sharaɗin ba zan ci ta ba.

Juma'a, a mota

Na yi ta waiwaye har kwakwa ta rufe tekun. Bayan an daina ganinta ana jin ta. Bayan an daina jin ta ma ina jin ta.

Lahadi, bayan La'asar. Jarwal, Safar 1385

Na iso jiya. Zafi kamar an buɗe tanderu. Na yi ɗawafi da safe, hannu a naɗe, na sha zamzam na ji har yanzu akwai gishiri a maƙogwarona.

Hashimu ya tare ni a ƙofa yana leƙen bayana. Ya shafe ɗakin sama da farar ƙasa, ya sa sabuwar katifa, har fanka ya saya. Ya karɓi akwati, ya sake leƙa titi, ya ce, Yumma, ina Tijjanin?

Na ce yana wurin aiki.